Shekarar da Maigidana Ya Ƙi Zaɓar Tirmini

Ni 'yar Tirmini ce, aure ya kawo ni cikin Birnin Damagaram. Maigidana baduku ne, amma da ƙuruciyarsa ya yi kokowa har an san shi, shi ya sa ko da ya manyanta ba a shirya wasa sai an tuntuɓe shi.

Wata kaka, Nasara ba su daɗe da zama ba, kumandan, babban Nasaran da ke mulkin ƙasar, ya ce yana so a tara 'yan kokowar ƙasa duka a gari ɗaya. Ya ce garin da ya karɓi baƙi za a ɗauke wa mazansa aikin hanya na wannan rani. Duk wanda ya ga yadda maza ke dawowa daga fasa dutse ya san wannan ba ƙaramar magana ba ce. Tirmini ta nema, Hamdara ma ta nema. Aka ware dattijai biyar su zaɓa, maigidana na cikinsu.

Ana jibi za a zauna sai ga yayana da rago a igiya. Ya ɗaure shi a gindin dalbejiyar tsakar gida, ya gaida maigidana, ya zauna. Na kawo fura.

"Ba roƙo na zo ba," in ji Yaya. "Zumunci na zo. Amma ka san autanmu yana cikin waɗanda za a ɗiba bana, kuma ƙirjinsa ba lafiya."

Maigidana ya ce, "Na sani, Yaya. Allah ya zaɓa abin da ya fi alheri."

Yaya ya dube ni, na sunkuyar da kai. Da zai tafi na raka shi zaure, ya ce, "Ƙanwata, ke ce bakinmu a gidan nan."

Washegari na yi ta kewaye maganar har la'asar. Yana yankan fata na tsuguna kusa da shi.

"Maigida, kowa ya san ɗaya daga cikinku gonakinsa a Hamdara suke. Shi ba zai ji kunya ba."

"Filin Tirmini ya fi, rijiyoyinsu sun fi," ya ce, bai ɗago ba. "Da ban aure ki ba, da Tirmini zan zaɓa ba tare da tunani ba. Yanzu ni kaina ban san ko filin nake gani ko ke ba."

Ban je wurin zaman ba, mata ba sa zuwa. Shi ya ba ni labari da ya dawo, ko rawani bai cire ba. Ya ce kafin a fara ya miƙe ya gaya musu matarsa 'yar Tirmini ce, surukinsa ya kawo masa rago, don haka ba zai ɗaga hannu ba. Ya ce duk mai irin wannan alaƙa shi ma ya faɗa. Mai gonakin ya ci gaba da jan carbinsa. Aka ɗaga hannu: biyu Tirmini, biyu Hamdara. Tafinta ya juyo wurin maigidana ya ce kumandan na jira, ya ɗaga hannu ya raba gardama. Ya ƙi. Aka sake tambayarsa, ya sake ƙi. Sai kumandan ya nuna mutanen Hamdara da sandarsa ya tashi.

Na shiga ɗaki na zauna bakin gado. Tuwo ya ƙone a murhu ina jin ƙaurinsa, ban tashi ba.

Aka yi wasa a Hamdara, ana ta zancensa a gari. Maigidana bai je ba. Da aka zo ɗibar mazan Tirmini, ya ajiye wuƙarsa da fatunsa, ya je ya gaya wa dogaran kumandan shi zai tafi a madadin autanmu. Suka dubi furfurarsa suka yi dariya, amma kai suke ƙirgawa, suka karɓe shi. Ya dawo gab da damina, hannuwansa sun tsattsage, ya daɗe bai iya riƙe basilla ba.

Yaya bai sake taka gidanmu ba sai bayan damina biyu, ranar sunan ɗiyata. Ya gaida maigidana a tsaye, ya ɗauki jaririyar ya yi mata addu'a, ya koma kafin azahar.