Ranar da Baba ya shiga akwatin zufa

Mijin yayata ne ya fara sayar wa mutanen Birnin Konni zafi. Zafin nan dai da Allah ya ba mu kyauta duk bazara, wanda ke sa kare ya kwanta ƙarƙashin tirela ya ƙi tashi ko an tada inji. Alhaji muke ce masa. Yana da motocin dakon kaya da baki mai daɗi. Wata shekara ya dawo daga fatauci da wani akwatin katako mai tsayin mutum, da ƙofar gilashi, da benci a ciki, da fitilu jajaye. Ya ce sunansa sauna, kuma ba irin mai tururi ba ne, wannan haske ne ke ratsa fata ya kai har ɓargo.

Ya ware masa ɗaki kusa da zaure, ya ja masa waya daga janareta, ya sa aka rubuta a bango abin da yake warkarwa: hawan jini, ciwon suga, sanyin ƙashi, ƙiba, rashin barci, dattin jiki. Bango ya ƙare kafin Alhaji ya ƙare cututtuka. Mutane kuwa suka yi ta zuwa, 'yan kasuwa da ma'aikatan duwan, wato kwastan. Mutum ya sauko daga kabu-kabu rigarsa sharkaf da zufa, ya biya, ya shiga akwati ya yi wata zufar, ya fito yana cewa jikinsa ya yi sakayau. Ni malamar lakwal ce, ajina rufin kwano ne. Na ce wa Alhaji in zufa magani ce, to ni da ɗalibaina mun fi kowa lafiya a jihar Tawa. Ya ce boko ya ɓata ni. Akwai wasa tsakanin mace da mijin yayarta, shi ya sa ya yi dariya, amma ni har zuciyata na raina abin.

Babanmu yana ƙauye wajen Bazaga. Ya ƙare ƙuruciyarsa yana kora shanu a ƙasa daga wannan kasuwa zuwa waccan, da tsufa ya zo sai gwiwoyi suka ƙi. Ciwon bai dame shi ba kamar salla a zaune, kan kujerar roba, a ƙarshen sahu. Ya sha sassaƙe, an yi masa ƙaho, ya haɗiyi ƙwayoyin likita. Da Alhaji ya aiko ya zo ya gwada akwatin, na ce kada ya je.

Ya ce, "Suruki ya aiko, ba a ƙi." Sannan ya ƙara a hankali, "Ko Allah na sa in samu sujada irin ta mutane."

Sai na yarda in kai shi.

Yaya ce 'yar farinsa. Bai taɓa kiran sunanta ba, balle na mijinta. Tun da aka yi aurensu bai taɓa cin loma ko kurɓar ruwa a gidan ba; in ya zo Konni wurina yake sauka. In suka haɗu da Alhaji, wannan ya durƙusa yana duban ƙasa, wancan ya dubi bango, a yi doguwar gaisuwa, kowa ya kama gabansa. Duk wata magana da ke tsakaninsu ni ke kai ta, ni ke kawo amsa.

Da hantsi na kai Baba, rana ta riga ta fara cizo. Takardar da ta zo da akwatin na taɓa karanta ta, shafin Faransanci: a sha ruwa sosai, a rage tufafi, kada a daɗe. Alhaji ya miƙo mini gorar ruwan sanyi in ba shi. Baba ya ce ya sha a gida. Tun asuba ke nan. Na ce ya cire babbar riga da rawani. Ya dube ni ya ce, "Cikin gidan ga?" Takalmi kaɗai ya tuɓe, ya shiga ya zauna a bencin kamar wanda ya zo ɗaurin aure.

Alhaji ya raɓo daga bakin ƙofa, kansa a sunkuye, ya murɗa zafin har ƙarshe, ya ninka lokacin. Na ce ya yi yawa.

"Ke, wanga ba baƙon banza ba na," in ji shi. "Abin da nika ba 'yan duwan shi za ni ba Baba? Sai an cika mishi."

Kamar mai zuba wa suruki nama a akushi. Sannan ya ce in lokaci ya yi shi da kansa zai zo ya buɗe, kuma Baba ya ji. Don kada tsoho ya takura, sai ya fice daga gidan gaba ɗaya, ya tsallaka titi ya zauna gindin dogonyaro yana hira da direbobinsa. Shi a ganinsa ladabi ne ya yi.

Nawa laifin ba zan ɓoye ba. Haushi ya sa na shige cikin gida wurin Yaya, na zauna muna tsintar shinkafa ina yi wa mijinta tsiya. Na ji daɗin tsiyar har na manta da agogo. Yaya ce ta katse ni, ta ce, "Ke, ba ki leƙa shi?" Ita ba ta iya zuwa da kanta.

Na same shi ya jingina kai da gilashin, rawani ya karkace, riga ta manne masa, idanu a rufe. Ƙofar nan ba ta da sakata, da ɗan yatsa ake tura ta. Bai tura ba, don mai gida ya ce shi zai buɗe. Bai yi kira ba, don bai san ina ciki ba; mutum biyu ne zai kira a gidan, kuma duka biyun ba ya faɗin sunansu.

Ihuna ya kawo Alhaji a guje. Muka jawo shi waje. Alhaji da hannunsa ya warware rawanin, ya zare rigar, ya kwara masa ruwan nan da Baba ya ƙi sha. Baba ya buɗe ido a kan siminti, daga shi sai wando, furfurarsa a waje, surukinsa a kansa yana yi masa fifita da faifai. Ya dube shi sau ɗaya ya mayar da idon ya rufe. Na san wannan rufewar ta biyu ba suma ba ce.

A likita, wato asibiti, aka yi masa ƙarin ruwa. Majo, babban ma'aikacin jinya na wurin, ya ce ɗumi kan sassauta gaɓoɓi na ɗan lokaci, kamar dai gashin ruwan zafi, amma ba ya mayar da gwiwar tsoho sabuwa. Abin da tsofaffin ƙauyenmu ke yi da tsumma da tukunya ke nan, ba janareta, ba rubutu a bango. Na tanadi maganganun da zan gaya wa Alhaji, na jera su tsaf.

Ranar da za mu mayar da shi gida, Baba ya kira ni bakin mota.

"Ki tai ki ce ma mai gidan can na gode. Ki ce na ji dama."

"Baba, saura kaɗan shi kashe ka."

"Alheri ya nufa. In ba a ce mishi hakanan ba, yarinyar can da wane ido za ta zauna ɗakinta?"

Na kai saƙon yadda aka ba ni, ban rage ba, ban ƙara ba. Fuskar Alhaji ta washe. Har yau akwatin yana aiki, kuma duk wanda ya yi shakka sai ya ce masa surukinsa ma ya shiga, da bakinsa ya ce ya ji dama. In ina kusa ya nuna ni, ya ce ga wadda ta kawo saƙon. Maganar Baba ce, ba ni da ikon ƙaryata ta.

Baba bai sake taka gidan ba, ko layin ba ya bi. Da Yaya ta haihu rago ya aiko, shi ya zauna. Zuwana ƙauye na ƙarshe na hango shi ta tagar masallaci, a ƙarshen sahu. Mutane suka tafi sujada, shi ya sunkuyar da kai daga kan kujerar, wadda aka ɗaure mata ƙafa ɗaya da waya.