Tawul a Fuskar Baban Kowa

Ina jiran layi a shagon askin da ke bakin bariki, shi kuma yana kan kujera. Hafsan soja ne mai faffaɗar kafaɗa, furfura ta fara cin gefen kansa. Ƙananan sojoji Baban Kowa suke ce masa, kuma duk wanda ya leƙo sai ya tsokane shi.

"Kai Dogo, har yanzu ba wadda ta tausaya maka?"

Dogo ya ƙame, sannan ya fashe da dariya.

Wata mata da goyo ta tsaya a bakin ƙofa.

"Ranka ya daɗe, yaushe su baban yaran nan za su dawo daga daji?"

"'Yata, har kin gaji da hutun girki?"

Ta yi dariya ta wuce. A madubi murmushinsa na nan, amma yatsunsa sun damƙe hannun kujera kamar zai karya shi. Ina jin ya san abin da ba a ba shi izinin faɗa ba. Ya kuma saba musu da fara'a, har ta kai ranar da ya ɗaure fuska barikin nan kaf sai ya kwana da zulumi.

Mai aski ya rufe masa fuska da tawul mai ɗumi. Kafaɗun nan suka sauka. Da ya zo ɗagawa, hafsan ya riƙe masa hannu.

"Bar shi tukuna," ya ce, da wata murya da ban ji ya yi amfani da ita ba.

Daga waje wani ya tambaya ko Baban Kowa na ciki. Da kansa ya yaye tawul ɗin, ya riga ya mayar da murmushin.