Na Goge wa Yayana Garin da Yake Yawo

Assalamu alaikum edita. Don Allah a buga wannan ba tare da sunana ba. Shekarun baya ina ɗalibi a foliteknik ta Kaura Namoda, saurayi mai ji da kansa, wanda bai san komai ba sai gem, kuma a gem ɗin ma gani yake babu na biyunsa. Ina da tsohuwar na'urar gem da ƙaramar talabijin da muke haɗawa da sola. Idan aka fara gardamar wane gem ne ya fi, har kumfar baki nake yi.

Yayana ɗan kabu-kabu ne, ya daɗe yana bin hanyar Kaura zuwa Shinkafi, har ranar da mota ta buge shi kusa da Badarawa. Allah ya yi da sauran kwana, amma ƙafafunsa suka daina motsi. Mutumin da bai iya zama wuri ɗaya ya koma kwance a katifa yana kallon rufin ɗaki. Inna ce ta matsa in kai masa abin wasan nan nawa ko ya ɗebe masa kewa. Na kai, ina gunguni.

Gem ɗin da ke ciki na wani jarumi ne mai tashi sama, irin wanda ake sakar maka gari guda ka shiga duk inda ka ga dama. Garin fes yake, ga rana, ga kogi, ga dogayen benaye. Kana danna maɓalli ya ɗaga, idan ya sulalo ƙasa sai ka ji cikinka ya kaɗa kamar babur ya gangara kwari. Amma labarinsa ba zurfi, shi ya sa na raina shi. Ni nawa gwanin wani gem ne da nake bugawa a ɗakin abokina. Garinsa duhu ne da ruwan sama, jarumin mai nauyi ne, kowane taku sai ka ji shi a hannunka. Ba ya tashi. Laɓewa ake yi a lungu, a ƙirga abokan gaba, a jira, tafin hannu na gumi. Idan ka ci yaƙi ɗaya a can, ka san ka yi aiki.

Abin da ya riƙa ba ni haushi shi ne Yaya ba ya ma buga gem ɗin yadda ake bugawa. Kiran yaƙi zai zo ya share. Shi dai ya tashi ƙasa-ƙasa yana bin titi, idan ya zo kwana sai ya karkata jikinsa a kan matashi. Wani lokaci ya ɗauki wanda ya ji rauni ya kai asibiti, ya ci gaba da yawonsa. Don ya riƙe hannun gem da kyau, kullum sai ya sa a tashe shi zaune. Ni kuwa ina tsokanarsa cewa an ba shi jarumi ya mai da shi ɗan aike.

Ranar da aka kai shi asibiti gashin ƙashi, abokina ya kawo min gem ɗin nan mai duhu. Wuri bai isa a na'urar ba, sai na goge na Yaya na ɗora wannan. Wallahi har murna nake, a ganina na yi masa gata. Da ya dawo ya gwada, ya yi ta neman maɓallin tashi bai samu ba, aka kashe shi sau uku a lungu ɗaya. Ya ajiye, ya ce ya gode.

Daga nan ya daina cewa a tashe shi. Ya juya fuska bango, abinci sai an yi da gaske. Matarsa ce ta tare ni a zaure tana hawaye, ta ce da can kullum da yamma yakan ba ta labarin inda ya je a garin nan, yau bakin kogi, gobe bayan kasuwa, yanzu kuwa shiru. Na shiga na tambaye shi. Ya ce, "Ƙanena, ni ba faɗa nika so ba, hita nika yi. Wanga naka, cikinai ma laɓewa aka yi wuri guda. Ni ko na gaji da wuri guda."

Na fito na yi kuka kamar yaro. Na so in mayar masa da gem ɗinsa a ranar, sai ga shi lokacin ne aka katse layin waya a yankinmu, babu halin sauke shi daga intanet. Sai da na yi makonni ina bin shaguna kafin na samu mai shi a Gusau. Da na ɗora, komai ya koma farko, unguwannin a rufe, jarumin ko tashin kirki bai iya ba. Na zauna kwanaki ina buga yaƙe-yaƙen gem ɗin da na raina, har na buɗe masa garinsa. Ya karɓa da murmushi, amma a makonnin da ya ƙi zama, gyambon kwanciya ya kama bayansa, muka yi watanni muna jinya.

Har yau ina ganin gem mai duhun ya fi tsari, sai dai na gane cewa ba tsari kowa ke nema ba. 'Yan uwana masu jinya a gida, idan kun ga mara lafiya ya riƙe wani abu, ko da a idonku shirme ne, ku tambaye shi me yake samu a ciki kafin ku canza masa. Yaya bai taɓa yi min gori ba, ko sau ɗaya. Amma ni ke taya matarsa juya shi, kuma duk lokacin da na ɗaga rigarsa sai na ga tabon.