Ladanin Wendover a Hasumiyar Ishbiliya

Mai yiwuwa wasu abubuwan sun shige mini duhu, don rabin tafiyar nan a tsorace na yi ta.

Greensboro

Da asubar fari muka bar Wendover, unguwarmu a Greensboro ta Amurka, ni da Alhaji Isufu, ladanin masallacinmu, mutumin Maraɗi. Taron ɗalibai zan je Sifen, 'ya'yansa suka saya masa tikiti suka haɗa ni da shi. Sai da jirgi ya tashi ya faɗa mini nufinsa: zai kira salla a hasumiyar babban cocin Seville, birnin da ya nace sunansa Ishbiliya.

Na ce, "Baba, kai fasfonka na Amurka ne. Ni bizar ɗalibi gare ni. In aka kama mu, digirina ya tafi."

Ya ce, "Bon, to, ka rubuta sauran digirin a kurkuku. Can babu surutu."

Madrid

Mun sauka da hantsi, muka shiga jirgin ƙasa zuwa Seville, tafiyar awa biyu da rabi ko uku. Burodi da zaitun muka ci, don naman alade har a rufin shaguna yake rataye.

Seville

Mai zagayawa da mu ta ce asalin wurin masallaci ne. Da Kiristoci suka ci garin suka mai da shi coci, daga baya suka rushe suka sake gini, amma suka bar hasumiyar, suka ɗora mata ƙararrawa. Babu matakala a ciki, hanya ce mai gangara, wai a kan dabba ladani yake hawa.

Alhaji ya dafa gwiwa yana haki. "Ka ji ladanin da aka san darajarsa! Ni ko kuɗin mai ba a ba ni."

A can sama mai gadi na tsaye. Na roƙi Alhaji da girman Allah ya bari. Ya gyara murya, ya kai yatsu kunne, ya buɗe baki, sai ƙararrawar da ke bisa kanmu ta kece. Na ga bakinsa yana motsi. Ban ji komai ba, mai gadi ma haka, don ya toshe kunnuwa.

Gida

Mun dawo lafiya, bizata ƙalau, alhamdu lillahi. Yanzu Alhaji na gaya wa jama'a ya kira salla, coci ta amsa. Hajiya Rabi, matarsa, ta ce atishawa ya yi. Akwai wasu 'yan Ghana biyu a saman nan ranar. In labarin nan ya iske su, don Allah su raba mana gardama.