Shafuka Huɗu na Baba Waƙafi

Shekara talatin da ɗaya ya yi yana gyaran rubutun Turanci a wata 'yar maɗaba'a da ke bayan tashar mota, har sunansa na yanka ya ɓace, kowa Baba Waƙafi yake ce masa. Ɗakinsa can ƙurya yake, tebur ɗaya, kujera ɗaya, sai 'yar taga a jikin bango wadda yake zuro takardun da ya gyara zuwa ɗakin masu bugawa. Mutum ne da zai yafe maka zagi, amma ba zai yafe maka waƙafi a inda bai dace ba. Ko katin gayyata aka ba shi, kafin ya duba ranar taron ya zaro jan biro.

Dokokin waƙafi duk suna kansa, na jerin abubuwa da na raba gaɓoɓin jimla. Sai dai ba da su yake aiki ba. Karantawa yake a bayyane, yatsa a ƙarƙashin layi, duk inda ya tsaya ya ja numfashi sai ya ɗiga waƙafi. Lokacin da ƙirjinsa ke da lafiya, numfashinsa da dokar ba su taɓa saɓawa ba.

'Yarsa ta fari, wadda yake kira Uwata, ita ke zaune a ɗaya gefen tagar tana shigar da gyaransa cikin kwamfuta. Ita ta fara lura. Jimlar da waƙafi biyu ke isarta ta koma cin huɗu, bayan wata uku ta koma cin bakwai.

"Baba, ƙirjin nan naka fa?"

"Wane ƙirji? Ke dai yi aikinki, Uwata. Ko likita kika zama ban sani ba?"

Mai maɗaba'ar dama dalili yake nema ya sallami tsohon, don a cewarsa kwamfuta ma ta iya gyara. Ita kuwa ta san ranar da aka raba Baba da teburin nan an gama da shi. Sai ta shiga cire waƙafan da suka yi yawa a ɓoye, aiki ya riƙa fita tas, mai gida har yabo yake yi. Kullum tana ganin ciwon ubanta ƙarara a takarda, tana share shi da hannunta. Ta san asibiti ya kamata ta ja shi, tsoro ne kawai ya hana ta.

Wata Talata da hantsi ya zuro mata shafin da kowace kalma biyu sai waƙafi. Ta gwada karantawa yadda ya ɗiɗɗiga, sai ta ji tana haki kamar an ɗora mata buhu a ƙirji. A ranta ta ce yau in an tashi, ko yana so ko ba ya so, sai asibiti. Tana jiyo muryarsa ta bango, ya karanta ya tsaya, ya karanta ya tsaya, har aka tayar da injin bugawa ƙara ya rufe komai.

Takardu suka ci gaba da zuwa. Aikin gaggawa ya sha mata kai, hannu kawai take miƙawa ta karɓa ta ajiye. Sai bayan azahar, da shafi na huɗu cikin sababbin ya shigo, ta jawo su gabanta. Rubutun Baba ne, babu shakka. Harafin da ya faɗi ya mayar, kalmar da ta karkace ya miƙe ta. Amma waƙafi ko ɗaya babu, har waɗanda marubucin ya sa da kansa ya soke su. Ga wata jimla mai layi bakwai a miƙe, ba wurin tsayawa. Ta shafa shafin ƙarshe, yatsanta ya yi ja, tawadar ba ta bushe ba.

"Baba?"

Ta zagaya ta tura ƙofar. Yana zaune a kujerarsa, haɓa a ƙirji, yatsa a kan layi. Ta kama hannunsa ta ji shi sanyi ƙalau, ya sandare. Likitan da aka kira daga maƙwabta ya dudduba shi, ya girgiza kai.

"Sai haƙuri, baiwar Allah. Wannan ai tun hantsi ne."

"Yanzun nan fa ya miƙo min takarda," in ji ta.

Masu bugawa suka kalli juna, babu wanda ya ce ya ga wani ya shiga ɗakin.

Bayan kwana bakwai ta koma aiki. Mai maɗaba'ar ya yi mata ta'aziyya, sannan ya ajiye shafukan huɗu a gabanta, don mai aikin yana jira.

"Allah ya jiƙan tsoho, amma a ƙarshen nan aikinsa ya rikice. Ki gyara masa kuskuren, ki mayar da waƙafan."

Ta kalli jan rubutun, ba ta taɓa shi ba.

"Ranka ya daɗe, bai yi kuskure ba," ta ce. "Baba ba ya sa waƙafi sai inda ya numfasa."