Takalmin Zakin Ƙofar Gari

Zaki kowa ke ce masa, don aikinsa ke nan tun yana da ƙarfinsa, ya shiga rigar zaki ya tsaya a tsohuwar ƙofar gari yaran baƙi su yi hoto da shi. Rigar nan zafi kamar tanda, ga dokar maigidansa, zaki ba ya magana ko an taka shi. A gida kuwa ce wa autarsa ya yi gadin gidan tarihi yake, har alfahari take da shi a makaranta.

Rannan sai ga 'yan ajinsu an kawo su kallo! Suka yanyame shi, wannan ya ja wutsiya, wancan ya haure shi. Ta iso tana dariya, sai idonta ya sauka kan takalminsa, wanda ita ke goge masa kullum. Ƙawarta ta ce, "Ke, zo mu yi hoto mana!" Ta ce, "Allah ya kiyaye, wari yake."

Da yamma ta ajiye masa abinci, ko kallonsa ba ta yi ba. "Baba, don Allah gobe ka sake takalmi."