Bishiyar da Ke Hayin Gada

Ina da shekara arba'in da bakwai na shiga ajin yaƙi da jahilci da ƙaramar hukuma ta buɗe a unguwar Plumstead da ke London. Ranar Asabar da hantsi muke zuwa. Mu uku ne a teburinmu: ni, da wani mutumin Nepal mai gadin kanti, da wata 'yar ƙasarsu mai shara a asibiti. Suna gaisawa, amma ba sa hira. Ni ne a tsakiya.

Wata rana malamarmu ta ce kowa ya zana wurin da ba ya mantawa, ya rubuta sunan abu biyar a ciki. Na zana kasuwar ƙauyenmu. Shi kuma mutumin Nepal ɗin ya zana kogi da gada da bishiya, da wani gini mai buhunan yashi a ƙofa.

Na ce, "Ɗan'uwa, gidanku ne? Ai ya fi kama da rumbu."

Ya yi murmushi ya ce sansani ne. Da guntun Turancinsa ya ba ni labari. Shi da ƙanensa 'yan sanda ne masu kayan soja, irin 'yan kwantar da tarzoma namu. Wata ranar kasuwa 'yan tawaye masu jar tuta, masu cewa gona ta mai noma ce, suka gangaro daga duwatsu suka auka musu. Shi ya faɗa kogi ya tsira. Ƙanensa kuwa aka tafi da shi da harbi a cinya. Sama da shekara ashirin ba wanda ya san inda yake, mahaifiyarsu kullum sai ta zuba masa abinci a kwano ta rufe.

Sai mai sharar ta miƙo hannu ta gabana ta ja takardar.

"Yaya, bishiyar ba nan take ba," in ji ta. "A hayi take."

Ta goge, ta sake zanawa. Ta ja wata 'yar hanya daga gadar zuwa gindin bishiyar, ta yi ƙaramin da'ira. Suka koma yarensu.

A wurin jiran bas ya faɗa mini. Tana yarinya, ita ke ɗaukar wa 'yan tawayen ruwa da magani. Ƙanensa kwana biyu ya yi ya cika. Ya roƙi ruwa, ita ta ba shi. A nan inda ta yi da'irar suka binne shi.

Na ce, "Me ka ce mata?"

"Na ce, ya sha? Ta ce ya sha," in ji shi.

Ni da na zo ajin don in iya cike fom, ban taɓa zaton fensir zai iya nuna kabari daga London ba.

Da na taya shi rubuta adireshi a ambulan don ya aika wa mahaifiyarsu zanen, sai da muka ɓata uku. Bayan wata biyu ya zauna kusa da ni, ya buɗe littafinsa, ya ce mahaifiyarsu ta je hayin, ta dawo ta kife kwanon.